Rishon lantarki yana ɗaukewa ana tsaka da girki: a gyara, a sauya, ko a koma gas?

Saura kamar minti ashirin a kira magariba, a azumin da ya wuce, mai ya yi zafi, na saka ƙosai zubin farko kenan, sai rishon ya yi ƙara sau uku ya yi tsit. Wasu haruffa jajaye suna ta ƙyaftawa a fuskarsa. Na kashe na kunna, ya kama, kafin in juya ƙosan ya sake ɗaukewa. Duk wadda ta taɓa suya ta san makomar ƙosai idan mai ya huce a ƙarƙashinsa, jagab yake yi, ko yara sai sun yatsina fuska. Kwana uku a jere ana haka. Ran na huɗu na naɗe shi a tsohon zani na kai wa wani dattijo mai gyaran kayan wuta a bakin kasuwarmu, ina ta sababi a raina cewa jabu aka sayar wa yayata, don ita ta ba ni shi.

Ya jona a shagonsa, ya ɗora ruwa ya tafasa, ya zubar ya ɗora wani. Rabin awa rishon bai ko yi tari ba.

"Hajiya, da wane lokaci yake miki wannan halin?"

"Dab da shan ruwa, Baba."

"Da sahur fa?"

Na yi shiru. Da sahur bai taɓa yi ba.

"To kin gani. Dab da shan ruwa duk unguwarku kowa ya kunna abin dafa ruwa, da injin markaɗe, da firji, da fanka, taransifoma ɗaya ce ke ɗauke da ku. An bar jaki ana dukan taiki. Ɗauki abinki, lafiyarsa lau."

Daga ranar na koyi cewa idan risho yana ɗaukewa, waɗanda ake tuhuma uku ne: shi rishon, da bangon da aka jona shi, da wutar da ke shigowa gidan. Kuma kafin ki yanke shawarar gyara ko sayen sabo, sai kin san wane irin risho ne a gabanki, don iri uku ne a kasuwa, kowanne da dalilinsa na ɗaukewa. Akwai hotfilet, mai baƙin faranti ko naɗaɗɗen ƙarfe da ke yin ja. Akwai mai gilashi wanda ake hango jan wuta a ƙarƙashinsa, 'yan kasuwa suna ce masa infirared. Sai indakshin, irin nawa kenan, shi ma gilashi ne a sama amma ba ya ja, tukunyar kanta yake zafafawa. Na biyu da na uku kamanninsu ɗaya a ido, shi ya sa mata da yawa ba su san wanne ne a kicin ɗinsu ba.

Abu na farko da zai hutar da ke zirga-zirga wajen mai gyara: ba kowace ɗaukewa ce lalacewa ba. Hotfilet haka aka ƙera shi. A bayan maɓallin da kike murɗawa akwai wani siririn ƙarfe, ƙarfe iri biyu ne aka manne, ɗaya ya fi ɗaya miƙewa idan ya ji zafi. Da zafi ya kai, sai ya lanƙwashe ya raba hanyar wuta, ki ji ƙas, 'yar jar fitilar ta mutu. Ya huce ya miƙe, ƙas, ta dawo. Shi ne tamostat. Lambobin da ke jikin maɓallin ba ƙarfin wuta suke ragewa ba, tsawon lokacin da za ta zauna a kunne suke canjawa. Wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa. Mai gilashi ma haka, za ki ga ja ya mutu ya dawo ko da kin ƙure shi, don akwai abin da ke tsaron gilashin kada zafi ya wuce kima ya tsaga shi. Ƙananan indakshin masu araha su ma idan kin rage wuta sosai ba ragewa suke ba, kunnawa suke suna kashewa, ki ga miya ta ɓararraka ta lafa, ta sake ɓararraka. In dai girki yana tafiya, abinci yana nuna a lokacin da ya saba, ki ƙyale shi.

Inda ake samun matsala shi ne ya ɗauke ya daɗe bai dawo ba, ko ya dinga ɗaukewa tun ruwa bai yi ɗumi ba. A hotfilet da mai gilashi, kafin ki zargi kowa juya tukunyarki ki dubi gindinta. Ɗora ta a kan tebur mai santsi, in tana rawa to gindin ya bankare. Zafin da ya kamata ya shige tukunya sai ya taru a farantin, tamostat ya ɗauka an ƙoshi ya yanke wuta, alhali wake ko laushi bai fara ba. Tukunyar dalma ta maƙera, wadda muka gada muka saba, an yi ta ne don murhun duwatsu uku da gawayi, harshen wuta ya lashe ta ta ko'ina. A kan faranti ɗan tsakiyarta kaɗai ke taɓawa. Haka in tukunyar ta fi farantin faɗi sosai, zafi yana komawa jikin rishon ya dafa masa wayoyin ciki. Na ga hotfilet ɗin wata maƙwabciyata da robar maɓallinsa ta narke saboda tukunyar suna da aka ɗora masa.

In tukunya lafiya take, sai a koma bango, kuma a nan ne nake so a daɗe, don a nan gobara take kwana. Filogi mai ƙafa uku da muke amfani da shi a Najeriya da Gana amfiya 13 aka yi shi ya ɗauka, wutar gida kuma bolt 230 ce a ƙa'ida, in kin ninka lambobin biyu kin ga iyakarsa kusan wat 3,000 kenan, wat kuwa shi ne awon wutar da abu ke ci. Hotfilet mai kai ɗaya yakan ci wat 1,000 zuwa 1,500, mai kai biyu ya kai 2,500, indakshin da mai gilashi na kan tebur su kai 2,000 ko sama kaɗan. Soket ɗin bango mai kyau zai ɗauki kowanne shi kaɗai. Abin da ba zai ɗauka ba shi ne wayar jona, wato ekstenshan, musamman irin marar nauyin nan da in kin fere za ki ga silin waya bai fi gashin kai kauri ba, wani lokacin ma alminiyom ne aka shafa masa launin jan ƙarfe. An yi ta ne don cajin waya da talabijin. Ki ƙara mata abin dafa ruwa a gefe, shi ke nan.

Ga yadda sakwarkwataccen soket yake yaudarar mutum. Da farko komai lafiya. Minti goma, inda ƙafar filogi ta haɗu da ƙarfen soket ya ɗau zafi, ƙarfen ya buɗe, wuta ta yanke. Ya huce ya koma, wuta ta dawo. Ke kuma kina ganin risho ne yake wasa da ke. Gwajin ba ya buƙatar kowa: ki bar shi ya yi aiki kamar minti goma, ki kashe makunnin bango, ki zare filogin ki taɓa bayansa. Ɗumi-ɗumi ba komai. In ya yi zafin da ba za ki iya riƙewa ba, ko kin ga baƙi-baƙi a bakin ramukan soket, ko kina jin wari kamar na kifi ko na ƙonanniyar roba, kada ki sake jonawa sai mai wayarin ya zo. Kuɗin sabon soket da filogi bai kai na kwanon shinkafa biyu ba. Ki kuma sa a buɗe miki filogin a gabanki, don sau da yawa za a tarar fis ɗin ya taɓa ƙonewa wani mai dabara ya naɗe shi da waya ko takardar sigari.

Masu sayen gwanjon Turai su kula da wannan. Rishonsu yana zuwa da filogi mai zagayayyun ƙafafu biyu, wanda a Maraɗi ko Garwa ko Njamena zai shige soket daram, amma a Kano sai an tura tsinke an buɗe masa hanya, ya zauna yana lilo. Ga cajar waya ba laifi, ga abin da ke jan amfiya tara ko goma kuwa neman magana ne. A yanke shi a sa mai ƙafa uku. Na Amurka mai bolt 110 zuwa 120 kuwa, kada ma a fara, jonawa ɗaya zai tashi aiki.

Sai ki lura da wani abu: idan ya ɗauke, shi kaɗai ne ko har da wasu? In soket-soket ɗin kicin duk sun mutu, bireka ce ta faɗi, wato makunnin da ke yanke wuta da kansa in kaya sun yi yawa. In gidan gaba ɗaya ya yi duhu alhali maƙwabta da wuta, bayan ɗan lokaci kuma ta dawo da kanta, mitar kati ce ta ga kayan da aka ɗora mata sun wuce iyakarta. Wannan ba gyaran risho ba ne, rage kaya ne, a kashe dutsen guga da hita a lokacin girki. Akwai kuma gidajen da aka sa musu birekar da ke tsaron mutum daga shokin, wadda ke faɗuwa da ta ji wuta ta fara zurarewa ko da kaɗan ne. In ita ce ke faɗuwa da zarar kin kunna hotfilet, musamman bayan miya ta zube masa ko ya kwana biyu a ajiye da damina, galibi laima ce ta shiga farin garin da ke cikin elemen ɗinsa, wato ƙarfen da ke yin zafi. Wani lokacin shanya shi a rana yini guda tana warkar da shi. In bai warke ba elemen ɗin ya tsage, a canja shi. Abin da ba a yi shi ne a cire birekar don a huta da faɗuwarta.

Manyan rishon da ake binnewa a kantar kicin, masu kai huɗu, nasu lissafin daban ne. Idan aka kunna su duka suna kaiwa wat 6,000 zuwa 7,000, sai an ja musu layinsu su kaɗai daga akwatin bireka da waya mai kauri, irin mai milimita 6, da makunninsu na musamman. Na sha shiga gidan amarya in ga an jera irin wannan an jona shi a soket ɗin firji. Su kuma indakshin masu kai da yawa, kawuna biyu sukan raba ƙarfi ɗaya, in kin ƙure ɗaya sai ɗan'uwansa ya ragu da kansa. Shi ma ba lalacewa ba ce.

Yanzu mu dawo kan ciwona, wutar da ba ta da ƙarfi, wadda ake ce wa lo karan. Da can ƙwan fitila ke tona mata asiri, ya yi ja kamar garwashi. Ƙwayayen zamani masu farin haske ba sa nunawa, suna nan tar ko wuta ta faɗi warwas, sai dai ki ga fanka tana juyawa kamar mai jin barci. Abin da ya fi shi ne ɗan agogon awon wuta da ake jonawa a soket, ko ki dubi allon sitabilaizar firjinki. Ki duba kafin ki kunna risho, ki sake dubawa bayan kin kunna. In tun farko a ƙasa take, matsalar unguwa ce. In tana da kyau sai da kika kunna ta rufto sosai, to wayar gidanku ce siririya, ko akwai mahaɗar da ta saki tsakanin fol da mita, wannan kuma mai wayarin yana iya maganinta.

A nan ne iri ukun suka rabu hanya. Hotfilet ba ya fushi da raunin wuta, sanyin jiki kawai yake yi. Amma fa ba kaɗan ba: idan wuta ta sauko daga bolt 230 zuwa 180, mai wat 1,500 bai fi wat 900 da ɗoriya zai bayar ba, in ta kai 160 ya koma rabi. Wake zai nuna, sai dai ki yi sallar isha'i tukuna. Mai gilashi shi ma hakan ne a wajen zafi, sai dai yawancinsu suna da 'yar ƙwaƙwalwa a ciki mai kula da maɓallan taɓawa, in wuta ta yi ƙasa da yawa ita ce za ta kashe shi. Indakshin kuwa ba ya lallaɓawa ko kaɗan. A cikinsa akwai naɗin wayar jan ƙarfe da wata na'ura da ke kunna wuta tana kashewa sau dubu ashirin ko fiye a daƙiƙa ɗaya, wannan ne ke haifar da ƙarfin maganaɗisun da ke zafafa gindin tukunya. Na'urar ba ta jure wuta ta yi ƙasa ko ta yi sama, don haka da ya ji ba daidai ba zai kashe kansa ya nuna miki harafi da lamba. Kowane kamfani da ma'anar lambobinsa, shi ya sa 'yar takardar da ke cikin kwali ba ta kunna gawayi ba ce. Tawa da na nemo ta a ƙasan durowa, lambar da ta hana ni ƙosai ma'anarta kawai wuta ta yi ƙasa.

Indakshin yana da sauran fitintinu, kuma kusan dukkansu namu ne na nan. Na farko tukunya. In maganaɗisu bai kama gindinta ba, rishon bai san da zamanta ba, zai yi ta ƙara na ɗan lokaci ya kashe. Dalma, da tukunyar ƙasa, da tandar waina duk sun fita. Silba ma wata tana kamawa wata ba ta kamawa, ido ba ya rabewa. Ƙaramin abu irin na dafa shayin mutum ɗaya, wanda gindinsa bai kai faɗin santimita 12 ba, shi ma sau da yawa ba ya ganinsa. Na biyu tuwo. Mai tuƙi ba ta barin tukunya ta zauna lafiya, ana karkata ta ana dannawa da muciya, da gindin ya ɗaga daga gilashi wuta ta yanke, ga kuma fargabar tsagewa. Na uku zafi da ƙura. A ƙarƙashinsa akwai fanka da ke hura wa na'urar iska. A watan Afrilu, a Kano ko Sakkwato ko Damagaram, zafin waje ya haura 40, na kicin ya fi haka, iskar da fankar ke ja ma zafi gare ta. Ki ƙara da ƙurar hunturu da ta cakuɗe da maiƙo ta toshe ramukan, ki ƙara da kyankyasai, don ba su da masaukin da ya fi musu cikinsa daɗi. Alamar wannan ita ce ya yi aiki lafiya minti goma sha biyar ko ashirin sannan ya ɗauke, in ya huce ya dawo. Ki saurara ko fanka tana juyawa. Kada ki shimfiɗa masa tsumma ko leda ko jarida a ƙasa, ki janye shi daga bango kamar faɗin tafin hannu, kuma in kin gama girki ki bar fankar ta tsaya da kanta kafin ki zare filogi.

Akwai wani faifan ƙarfe da ake sayarwa, a ɗora shi a kan indakshin sannan a ɗora dalma a kansa. Na gwada. Yana aiki, amma faifan kan yi zafi har ya zafafa gilashin fiye da kima, rishon ya kashe kansa, kin mayar da indakshin hotfilet mai tsada kenan. Ban ba ki shawara ba.

Sauran ƙananan abubuwa biyu, na masu maɓallin taɓawa duka. Ruwan shinkafa in ya malalo kan maɓallan, ko kin ajiye jiƙaƙƙen tsumma ko murfi a kansu, zai kashe. Kuma da yawansu an sa musu su mutu da kansu bayan awa biyu ko makamancin haka in ba a taɓa su ba. Mai dafa ganda ko ƙafar sa ta riƙa lura.

To a gyara ko a sauya? Hotfilet dai ba abin da ke cikinsa sai elemen, da tamostat, da waya. Bakin tamostat ɗin ne ke cinyewa saboda tartsatsin da yake yi kullum, ko mahaɗar waya ta ƙone, kuma kowane mai gyaran rediyo zai canja miki su da kuɗi kaɗan. Abu ɗaya nake roƙonki: in ya ce bari ya haɗa miki shi dairek, ya tsallake tamostat don ya daina ɗaukewa, ki karɓi kayanki ki tafi. Gyaran gangar Auzinawa kenan. Rishon da ba ya iya kashe kansa, ranar da aka ɗauke wuta kika manta shi a kunne kika tafi unguwa, aka dawo da ita ba kowa a gida, Allah ya kiyaye. Mai gilashi, in abin da ke tsaron zafin ne ko fanka, ana gyarawa. In gilashin ya tsage kuwa an gama, ruwa zai bi tsagar ya sami wuta, kada ki ce za ki lallaɓa. Indakshin, wanke ƙura da canja fanka ko ɗan abin awon zafi duk masu sauƙi ne. Amma in ya yi ƙara fau ya kayar da bireka, babbar na'urar ce ta ƙone, kuma sau da yawa takan ja wasu su tafi tare, a canja ta yau ta sake ƙonewa jibi. Ni dai a ƙa'idata, in kuɗin gyara ya kai rabin kuɗin sabo, ba na gyarawa.

Sitabilaiza fa? Tana maganin indakshin, amma ba 'yar ƙaramar ta talabijin ba. Lambar da aka rubuta a jikinta ba ita take bayarwa ba idan wutar da ke shigowa ta yi ƙasa, don haka ga risho mai wat 2,000 ki nemi mai lamba 5,000. Ki kuma sani ba ƙirƙirar wuta take yi ba, ƙara ja take daga bango, in wayar gidan siririya ce ita za ta ɗau zafin. Sau da yawa kuɗinta ya fi na rishon. Ƙaramin janareta da bai kai wat dubu ba kuwa ba ya ɗaukar ko ɗaya daga cikin ukun. Masu inbata su ma su yi lissafi: babban batir mai lamba 200, abin da ya dace a zuƙa daga cikinsa bai wuce yunit ɗaya da 'yan kai ba, hotfilet zai shanye shi kafin awa ta cika. In za a yi girki da sola, da tsakar rana ne lokacin da faifan sola ke karɓar haske, kuma da indakshin.

Maganar kuɗi kuma ta canja tun Afrilun 2024, lokacin da hukumar kula da lantarki ta Najeriya ta ɗaga farashin 'yan rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a rana, daga ƙasa da Naira 70 zuwa Naira 225 kowane yunit. An ɗan taɓa farashin daga baya, gas ma kullum hawa da sauka yake, don haka ga awon da ba ya tsufa. Kilo ɗaya na gas yana ɗauke da zafin da ya kai kusan yunit 13 na lantarki, amma fiye da rabinsa gefen tukunya yake bi ya tafi, abin da ke shiga abinci bai fi yunit 5 ba. Indakshin, da yake kusan kashi 85 cikin ɗari na wutarsa a tukunya take ƙarewa, yunit 6 ya ishe shi ya yi aikin kilo ɗaya na gas. Hotfilet sai ya ci kamar 7. Ki dubi rasit ɗin katinki ki ga nawa yunit yake, ki ninka shida ko bakwai, ki kwatanta da kuɗin kilo a wajen mai gas ɗinku. A farashin 225, Naira 1,350 kenan ga indakshin, 1,575 ga hotfilet. Wadda ke ƙananan rukunai za ta ga lantarki ya fi mata araha nesa ba kusa ba, sai dai ita ce kuma wutar ba ta zama mata.

In ni za ki tambaya, ga yadda zan raba. Gidan da wutarsa ke tsayawa sama da bolt 200 yawancin lokaci, uwargida kuma ta yarda ta sayi tukwane biyu ko uku masu kama maganaɗisu, indakshin ya fi komai: ya fi sauri, ya fi tsimin yunit, kicin ba ya zama tanderu, yaro in ya taɓa gefensa ba ya ƙonewa. Sai dai in da mai na'urar bugun zuciya a gidan, a tambayi likitansa tukuna. Gidan da wuta ke rawa, tukwanen kuma duk dalma da silba ne, mai gilashi ya fi dacewa, muddin gindinsu a shafe yake, amma a kula da yara don gilashinsa yana daɗewa da zafi bayan an kashe. Ɗalibi, da gwauro, da wanda ke ƙauyen da in abu ya lalace sai an yi tafiya kafin a sami mai gyaran ƙwaƙwalwar risho, su riƙe hotfilet, mummuna ne mai cin wuta amma ba ya ba da kunya. Kuma ko wanne kika zaɓa, ban ga gidan da zai jingina da lantarki kaɗai ba. Tuwo, da waina, da suyar da ba ta son a katse ta, na gas ne ko gawayi.

Ni abin da na yi, na sa an canja soket ɗin kicin an ɗaure wayarsa, na fasa sayen sitabilaiza da na ji kuɗinta. Ƙosai da duk girkin yamma suka koma kan ƙaramar tukunyar gas, indakshin ya zama na sahur da shayin safe da ɗumame, lokacin da unguwa ke barci wuta ta cika. Na kuma ciro maganaɗisu daga lasifikar wata matacciyar rediyo na jefa a jaka. Ranar da na shiga Sabon Gari neman tukunya, ina bin su ɗaya bayan ɗaya ina manna shi a gindinsu, yaron shagon ya tsaya yana kallona.

"Hajiya, lafiya? Me kike nema a ƙarƙashin tukunya?"

Cikin goma sha ɗaya da ya sauko mini da su, uku ne suka kama. Wadda ya fi rantsuwa a kanta cewa ta indakshin ce ba ta cikinsu.